Maganin Yaya bai yi wa Malama ba: nazarin wani lamarin sankarar mama a Zariya

Malama kawai zan kira ta, domin haka ake kiranta a layinsu a Tudun Wada. Tana koyarwa a wata firamare a nan Zariya, shekararta 42, 'ya'yanta huɗu. Ta ji ƙululu a mamanta na hagu, ta yi watanni tana shafa man habbatus sauda kafin ta yarda ta je asibiti. Aka ɗebi 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna sankara ce, har ta kai ga kaluluwa biyu a hammata. Aka cire maman, aka yi mata kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, zagaye shida, aka biyo da gasa wurin da hasken radiyeshon. A zagaye na uku na kemon ne al'adarta ta ɗauke. Da aka kammala, likitarta ta rubuta mata tamoksifen, miligiram 20, ƙwaya ɗaya kullum, na aƙalla shekara biyar.

Har zuwa nan, labarin irin na mata da yawa ne. Abin da ya sa ya cancanci a rubuta shi ya faru ne wajen wata takwas da fara shan ƙwayar, lokacin da Malama ta ajiye tamoksifen ta koma letrozol bisa raɗin kanta. Duka biyun maganin sankarar mama ne, duka biyun da sinadarin istirojin, wato homon ɗin mata, suke faɗa, kuma a wajen matan da ya dace da su letrozol ma ya ɗan fi. Amma ita sauyin ya bar ta tsawon watanni kusan babu kariya, alhali ba ta tsallake ko rana ɗaya ba.

Takardar gwajin

Sakamakon gwajinta yana cikin jakarta kullum, a ninke cikin farar leda tare da katin asibiti, har wajen ninkin ya fara yagewa. Layi uku ne a ƙasan takardar suka yanke irin maganin da za a ba ta: ER kashi 80 cikin 100, PR akwai, HER2 babu. ER shi ne makarɓin istirojin, wato furotin da ke karɓar istirojin a cikin tantani, ƙwayar halittar jiki. PR za mu zo kansa a gaba, HER2 kuma wani furotin ne da ke sa ciwo saurin girma. A ɗakin gwaji ana yanka tsokar ta yi siriri fiye da fatar albasa, a zuba mata sinadarin da ke manne wa makarɓin. Duk tantanin da ke da shi, cibiyarsa sai ta rine ruwan ƙasa a ƙarƙashin madubin likita. Wanda ba shi da shi ya zauna shuɗi. Tun 2010 ƙa'idar da ake bi ita ce, in kashi 1 cikin 100 na cibiyoyin suka rine, ana lissafa ciwon cikin masu amsa wa istirojin. A duniya, kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar mama irin wannan ce.

Bari in tsaya a nan in yi magana da abokan aiki, ma'aikatan asibiti. Makarɓin furotin ne, kuma yana lalacewa da wuri. Ana son tsokar ta shiga ruwan fomalin, mai hana ta lalacewa, cikin awa ɗaya da cire ta, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 da 72. In aka bar ta a kan tebur cikin zafin watan Afrilu irin namu, ciwon da ke da makarɓi zai iya fitowa a takarda kamar babu, a hana mace maganin da ya fi kowanne araha. Na Malama an yi shi daidai.

Me istirojin ke yi a cikin tantani

Istirojin ƙaramin sinadari ne mai maiƙo, yana ratsa fatar tantani ba tare da wahala ba. A ciki ne makarɓin ke jiransa. Elwood Jensen na Jami'ar Chicago a Amurka shi ya fara nuna akwai shi a 1958. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi sunanta ESR1, tana kan kuromozom na 6. Muddin babu istirojin, makarɓin a riƙe yake, wasu furotin 'yan rakiya suna dafe da shi. Da istirojin ya shige aljihunsa sai siffarsa ta sauya. 'Yan rakiyar su sake shi, ya haɗu da wani makarɓin su zama biyu, su sauka a kan zaren DNA a inda ke da wani jerin haruffa 13 na musamman: GGTCA a farko, haruffa uku ko waɗanne iri a tsakiya, TGACC a ƙarshe. Ba ko'ina suke samun wurin sauka ba, domin DNA a naɗe yake tam. Wani furotin mai suna FOXA1 shi ke fara warware musu wuri.

Sauka a kan DNA kaɗai ba ta tayar da komai. Makarɓin yana da wani murɗaɗɗen reshe, na 12 a jerin rassansa, wanda ke faɗowa ya rufe bakin aljihun bayan istirojin ya shiga. Rufewar nan ce ke fito da wani kwarmi a jikin makarɓin, inda furotin mataimaka irin su SRC-1 ke zama. Su kuma su jawo wasu da ke sassauta naɗin DNA, sannan injin da ke kwafe umarnin ƙwayar gado ya samu hanya. Daga nan ɗaruruwan ƙwayoyin gado ke soma aiki. MYC da saikilin D1 suna tura tantani ya rabu biyu. BCL2 tana hana shi mutuwa a lokacin da ya kamata ya mutu. Akwai kuma PGR, wadda ke ƙera makarɓin wani homon ɗin mata mai suna furojestaron, wato PR ɗin da ke layi na biyu a takardar Malama. Shi ya sa likita ke jin daɗin ganin PR: alama ce cewa makarɓin istirojin yana kunna ƙwayoyin gado da gaske a cikin wannan ciwon, don haka in aka tare shi ciwon zai ji a jikinsa.

Tamoksifen da kansa ba shi da ƙarfi sosai. Hanta ce ke sarrafa shi, musamman ta hannun wani inzayim mai suna CYP2D6, ta fitar da endoksifen, wanda ya ninka shi ƙarfin kama makarɓi sau 30 zuwa 100. Aljihun da istirojin ke shiga, nan shi ma yake shiga, sai dai shi yana da doguwar wutsiya da ke leƙowa waje. Tukunyar tuwo ce aka bar muciya a ciki: duk yadda aka yi, murfi ba zai zauna ba. Reshen nan na 12 sai ya karkace, ya je ya kwanta a cikin kwarmin da mataimaka suka saba zama. A 1998 masu bincike suka fitar da hoton wannan siffa ƙarara. Makarɓin har yanzu yana zuwa kan DNA, amma waɗanda ke amsa kiransa yanzu masu danne aiki ne, irin su NCoR da SMRT. Ƙwayoyin gadon su yi shiru, tantanin ya tsaya bai rabu ba.

Abu biyu ne za a riƙe a nan. Na farko, maganin ba ya kashe tantani nan take yadda kemo ke yi. Tsere yake yi da istirojin a kan aljihu, kuma tantani kullum cikin ƙera sababbin makarɓai yake, saboda haka dole maganin ya kasance a jini yau da gobe, shekara da shekaru. Nazarin da masana na Oksfod suka haɗa a 2011 ya nuna shan shekara biyar yana rage dawowar ciwon da kusan rabi a lokacin da ake shan maganin, yana kuma rage mutuwa daga sankarar mama da kimanin kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Na biyu, tamoksifen ba ruwansa da inda istirojin ya fito. Mace tana al'ada ko ta daina, shi dai a wurin makarɓi yake tsaye.

Yana da nasa aibun. A mahaifa, inda mataimakin nan SRC-1 ya fi yawa, makarɓin da ya kama tamoksifen yana iya kunna wasu ƙwayoyin gado kamar istirojin ne ya shiga. Wannan ne dalilin da ake ce wa duk mai shansa ta zo asibiti in ta ga jinin da ba ta gane masa ba. Yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya.

Yadda sauyin ya faru

Abin da ya fi damun Malama shi ne zafin da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo mata ko da sanyin hunturu ne. A wani taron suna a cikin birni, yayar maigidanta da ta zo daga Kano ta lura tana ta fifita da gefen mayafi. Ita ma yayar an yi mata aikin sankarar mama, shekarunta sun haura sittin.

“Amarya, wannan gumin fa lafiya?”

“Maganin ne, Yaya. Da dare sai na tashi na sake riga.”

“Wanne suka ba ki?” Malama ta ciro katin farar ƙwayarta. Yaya ta juya shi ta ce, “Ai wannan tsohon yayi ne. Ni likita ce mini ya yi tunda al'ada ta ɗauke, ga wanda ya fi. Ke ba ta ɗauke miki ba?”

“Ta ɗauke, Yaya, an kusa shekara.”

“To zaman me kike yi?”

Ta ɓalle mata kati ɗaya na ƙananan ƙwayoyi rawaya daga nata. Da ya ƙare, maigida ya ɗauki kwalin ya je wani kemis a Sabon Gari, aka sayar masa ba tare da an tambayi takardar likita ba. Ranar ganin likita ta faɗo a makon jarrabawar ɗalibai, Malama ta ɗaga ta. Bayan 'yan makonni zafin da gumin suka soma raguwa, ta yi hamdala, ta kira Yaya ta yi godiya. A wata na huɗu ta ga jini.

Ni dai ban ga laifin Yaya sosai ba. Abin da likitanta ya gaya mata gaskiya ne, ita ma abin da ta faɗa ta faɗe shi da zuciya ɗaya. Wanda ya kamata ya tsayar da maganar shi ne mai kemis, domin tambaya ɗaya ta isa: shekarar mai shan maganin nawa?

A asibiti, likita ta fara da tambayar da aka saba. “Malama, kina shan ƙwayarki kullum?”

“Wallahi ban taɓa tsallakewa ba, Likita.”

“Mu ga kwalin.”

Aka yi gwajin ciki, babu. Aka yi hoton mahaifa, lafiya lau. Aka auna istirojin a jini, ya fito a matakin macen da ke al'ada. Jinin da ta gani haila ce ta dawo. Aka duba tabon aikin, da hammata, da ɗaya maman, ba a ga alamar ciwon ya dawo ba.

Letrozol ba ya ko kusantar makarɓi. Aikinsa a kan inzayim ɗin aromatas ne, wanda ke juya sinadaran androjin, wato homon ɗin maza da mata ma ke da shi kaɗan, su koma istirojin. Macen da ta daina al'ada da gaske, ma'ajiyar ƙwanta ta gama aiki, ɗan istirojin da ya rage mata daga kitse da tsoka da fata yake fitowa, wani lokaci har daga cikin ciwon kansa. Miligiram 2.5 na letrozol yana datse kusan dukkan wannan. Makarɓin yana nan lafiyarsa ƙalau, amma aljihunsa fayau, ƙwayoyin gadon ba su da mai tayar da su. Jikin Yaya ke nan.

Malama kuwa ma'ajiyar ƙwanta suma ta yi saboda kemo, ba ta mutu ba. Akwai 'yar ƙullutuwa a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke lura da yawan istirojin a jini. In ta ga ya faɗi, sai ta ƙara sakin sinadarin FSH don ta zaburar da ma'ajiyar ƙwai. A jikin Yaya zaburarwar ba ta samun mai amsawa. A jikin Malama ta samu: ma'ajiyar ta farfaɗo, ta shiga ƙera aromatas fiye da abin da ƙwaya ɗaya za ta iya tarewa. Wannan hali na letrozol sananne ne, har likitocin haihuwa suna ba da shi na kwana biyar ga matan da ƙwansu ba ya fita, don su samu ciki. A 2006 likitocin asibitin Royal Marsden na Landan suka ba da rahoton mata 45 da kemo ya ɗauke wa al'ada aka ɗora su a kan irin wannan magani. A 12 daga cikinsu ma'ajiyar ƙwai ta dawo aiki, ɗaya ma ciki aka samu.

Tamoksifen yana daɗewa a jiki, sai kamar mako guda kafin rabinsa ya fita, saboda haka a makonnin farko ragowarsa na nan tana tsare da makarɓai. Bayan ya ƙare, istirojin ya dawo da yawa, aljihu kuma ba mai gadi. Sauƙin gumin da Malama ta ɗauka alamar sabon magani ya karɓe ta ne, shi ne alamar farko ta cewa istirojin ya dawo. Wannan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin.

Shawarar da aka yanke

Aka kira maigida aka zauna. Tambayarsa ɗaya ce: “Likita, wanne ya fi ƙarfi? Shi za mu saya.”

“Malam, ba a nan take ba. Ka bari in jera maka, sai mu ga wanda za ku iya riƙewa shekara biyar.”

Hanya ta farko ita ce komawa tamoksifen shi kaɗai. Ta biyu, a kwantar da ma'ajiyar ƙwai da allurar goserelin, miligiram 3.6 a ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28, a haɗa da tamoksifen ko da mai tare aromatas irin su letrozol. Allurar tana matsa wa ƙullutuwar ƙwaƙwalwar nan ba hutu har ta daina amsawa, FSH ya faɗi. Manyan gwaje-gwaje biyu, SOFT da TEXT, da aka fara fitar da sakamakonsu a 2014, sun nuna matan da al'adarsu ta ci gaba bayan kemo kuma ciwonsu na da haɗarin dawowa suna ƙaruwa da wannan haɗin, kuma haɗin allura da mai tare aromatas ya fi rage dawowar ciwon. Malama, da kaluluwa biyu da suka kamu, tana cikin wannan rukuni. Hanya ta uku ita ce mafi tsufa: a cire ma'ajiyar ƙwan gaba ɗaya. George Beatson ya yi haka a Gilasgo, ya wallafa a 1896 cewa ciwon wata mara lafiyarsa ya ja da baya, tun ba a san wani abu wai shi istirojin ba.

A takarda, allura da letrozol ne kan gaba. Likitar ba ta zaɓe shi ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Allurar tana da tsada, albashin malamin firamare kuwa ba kullum yake zuwa a ranarsa ba. In mace tana kan letrozol allura ta yi jinkirin wata guda, ta koma daidai ramin da Malama ta fito. In kuwa tana kan tamoksifen allurar ta yi jinkiri, makarɓi dai a tare yake. Aka tsayar da cewa ta koma tamoksifen a ranar, a ƙara allurar, dangi su haɗa kuɗin wata uku-uku a gaba. Maganar tiyata ta ce a ba ta lokaci. An riga an cire mata abu ɗaya, ba ta shirya wa na biyu ba tukuna. Ba wanda ya matsa mata.

Dawowar haila ta kawo wata maganar da ba a yi ba a baya. Tamoksifen ba ya hana ɗaukar ciki, kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Abin dariya, kamfanin ICI na Ingila da ya haɗa shi a 1962 maganin hana haihuwa yake nema. Ya yi aiki a jikin ɓeraye, a jikin mata kuma sai ya riƙa sa ƙwai fita. Sai a 1971 aka wallafa gwajinsa na farko a kan sankarar mama daga asibitin Christie na Mancesta. Aka sa wa Malama robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da homon, domin ƙwayoyin tazarar haihuwa da allurarta ba su dace da mai irin ciwonta ba. Aka kuma rubuta mata magunguna a bayan katinta da za ta nuna wa duk likitan da ta je wurinsa: paroksetin da fuluoksetin na ciwon damuwa, waɗanda ke danne CYP2D6 su rage endoksifen, da rifamfisin na tarin fuka, wanda ke sa hanta ta yi saurin kore tamoksifen daga jini. Da ta tambayi azumi, aka ce ta sha da sahur ko bayan buɗa-baki, tunda sau ɗaya ne a rana kuma maganin mai daɗewa ne a jiki.

Yaya tana nan a kan letrozol ɗinta, tana kukan gwiwa da taurin yatsu da safe, wanda shi ne harajin rashin istirojin, ga ƙashi da ke yin sako-sako in ba a lura ba. Irin nata maganin shi ma yana da iyaka. A 2013 aka gano cewa a wasu matan da ciwonsu ya dawo bayan dogon shan mai tare aromatas, ƙwayar gadon ESR1 kanta ta sauya a cikin ciwon. Sauye-sauye biyu da aka fi gani, Y537S da D538G, suna kusa da gindin reshen nan na 12, suna sa shi ya zauna a rufe ko da aljihu babu komai. Makarɓin sai ya riƙa kunna ƙwayoyin gado ba tare da istirojin ba, datse aromatas ya zama aikin banza. A irin wannan hali ake komawa ga magungunan da ke lalata makarɓin kansa, kamar allurar fulbestiran ta miligiram 500 duk wata, ko ƙwayar elasestiran da Amurka ta amince da ita a Janairun 2023.

Ita Malama, likita ta rubuta a fayil ɗinta cewa ɗaukewar al'ada a kan allura ko a kan tamoksifen ba za a lissafa ta a matsayin daina al'ada ba. Ba za a sake ɗaga maganar letrozol shi kaɗai ba sai an cire ma'ajiyar ƙwan, ko shekaru sun ja kuma gwajin jini fiye da ɗaya ya nuna ta gama aiki. Watanni huɗun da ta yi a kan ƙwayar Yaya ba a sa su cikin lissafin shekara biyar ɗin ba. In ta cika su, za a zauna a duba ko a kai goma, domin gwajin ATLAS ya nuna ƙarin shekara biyar yana ƙara rage dawowar ciwon, ita kuma da kaluluwarta biyu tana cikin waɗanda za a yi wa wannan tayin. Yanzu duk zuwanta asibiti sai ta ɗora kwalin maganin a kan tebur kafin a fara magana, haka likitar ta shar'anta mata.